Ɗanyen Wake Na Kaka: Kada Mu Bar Wa Awaki Su Kaɗai

Yau hirarmu a kan wake za ta tsaya, amma ba busasshen nan na buhu da muke yin ƙosai da alale da ɗanwake da shi ba. Ɗanye nake nufi, mai kore shar, wanda ake ci har da kwansonsa.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa shi ne wata tsaraba. Yayar maigidana da ke aure a Kano ta zo mana kwana biyu a nan Bici, ta taho da wata 'yar leda daga irin manyan kantunan nan na birni. Cikinta wani wake ne shimfiɗaɗɗe, falan-falan kamar ganye, in kika ɗaga shi a rana har kina hango 'yan ƙwayoyinsa a jere. Ta ce da kwanson ake ci. Da ta faɗi kuɗin da ta saya, Inna, watau surukata, ta riƙe baki ta ce, "Yanzu ƙowar awaki kika ba wannan kuɗi? Ai da kin yi magana da na sa yara sun ciko miki kwando a gona."

Muka yi ta dariya. Ni aka ba girkin, ni kuwa na yi masa irin dahuwar da na saba yi wa kowane wake: ruwa da yawa, 'yar kanwa, wuta ta yi ta ci. Ko da na buɗe tukunya sai na tarar da wani abu mai yauƙi ya narke, ba a gane kansa balle gindinsa. Yaya ta dube ni ta ce, "Haba Malama, minti uku fa ake yi masa!" Kunya ta ishe ni. Amma maganar Inna ce ta tsaya mini a rai, don na ga kamar da gaskiyarta. Daga baya na bi diddigi, na yi tambaya, na gwada a murhuna, abin da na samo shi ne nake son in ba ku.

Wancan wake na kanti ɗan uwan fis ne, wanda muke zubawa a dafa-duka ko soyayyiyar shinkafa ranar biki. Bambancinsu ɗaya ne. Kwanson fis yana da wata fata mai tauri a ciki, ba ta taunuwa, shi ya sa ake ɓare shi a zubar. Shi kuwa wannan ba shi da ita, don haka ake tsinke shi tun ƙwayar ba ta cika ba a cinye gaba ɗaya. Sunan da Faransawa suka ba shi ma, ma'anarsa ita ce "cinye duka". Mutanen Sin su ne gwanayen girka shi, ko da yake su kansu waken Holan suke ce masa. Ƙasashe irin su Kenya da Zimbabuwe da Gwatamala suna noma shi su aika Turai. Shuka ce mai son sanyi, ba ta jure zafin damunarmu.

To, mu me muke da shi? Muna da wake, kuma ba ɗan kaɗan ba. Asalinsa ma na Afirka ne. Duk duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi, sai Nijar ke bi mata. Wadda ta taɓa bin hanyar Kano daga nan ta ga kasuwar Dawanau, ta ga buhuna tsibi-tsibi ana lodawa zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta. Ƙasar Bici kuwa tana cikin wuraren da aka sani da shi, har ma a 1998 masu binciken noma na cibiyar IITA da abokan aikinsu nan suka zaɓa don gwada sabon tsarin shuka wake layi-layi tsakanin dawa tare da manoma. Ga wani abin da ya ba ni mamaki: dogon waken nan da mutanen Asiya ke soyawa da kwansonsa, mai tsawon kamu guda ko fiye, jinsinsa ɗaya da wakenmu na gona. Su sun zaɓi mai dogon kwanso suna shukawa, mu mun zaɓi mai ƙwaya da harawa. A Senegal kuma ɗanyen wake mai saurin nuna shi ke riƙe gidaje da yawa a Agusta da Satumba, kafin gero ya shigo.

Mu ma ai mun san wannan lokaci. Marka ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. A ajina nakan gane shi tun ban duba kalanda ba: yara na hamma tun ƙarfe goma, wasu gefen bakinsu ya tsage. A daidai nan ne wake mai wuri, irin su Ɗan Ila da sababbin irin nan masu nuna cikin kwana 60 zuwa 75, yake fara zuba 'ya'ya. Kanannado shi sai can Oktoba yake fure. Ke nan daga Satumba har zuwa farkon Nuwamba ba a rasa ɗanyen wake a gonakinmu. Iyakar abin da muka saba yi da shi, mu jira ya cika, mu dafa da gishiri a ci kamar dafaffiyar gyaɗa ko gurjiya, a zubar da kwanso. Wannan ma da daɗi, ban kushe ba. Amma akwai mataki na gaba da wannan, shi ne muke tsallakewa.

Matakin shi ne kimanin mako guda zuwa kwana goma bayan fure ya kaɗe. Kwanson ya yi tsawo amma siriri ne, ƙwayar ba ta taso ba. Ki ɗauki ɗaya ki karya. In ya ce ƙas ya rabu biyu, da ɗan ruwa-ruwa a bakin, to ya yi. In kuwa ya lanƙwashe ya ƙi karyewa, ko kin ji jijiya na ja, ya wuce, ki bar shi ya cika. Da sassafe ake tsinka, kuma a ranar ake girkawa. In ya kwana sai ya yi yaushi, ɗan zaƙin nan nasa ya gudu. In dole ce ta sa, ki naɗe shi a tsumma mai ɗanshi ki ajiye gindin randa.

Me ke cikinsa? Busasshen wake ya fi shi sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake wannan sinadari ne. Kada wata ta ce Malama ta ce a daina cin garau-garau. Amma ɗanyen yana da abin da busasshe ya rasa, watau bitamin C, irin wanda ke cikin lemo da gwaiba. Shi ne ke taimakon dasashi da warkewar ciwo, shi ne kuma ke taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jini daga tuwo da wake da ganye. Masu juna biyu da 'yan matan da suka fara al'ada su suka fi kowa bukatar wannan.

Sai dai bitamin C ba shi da juriya. Doguwar dahuwa na kashe shi, yana narkewa ya bi ruwan da kika tsiyaye, kanwa kuwa ita ce babbar maƙiyiyarsa. Kanwa na lalata bitamin B1 ma. Na san dalilin da ya sa muke sa ta: busasshen wake na da taurin kai, itace kuma ya yi tsada. To shi ɗanye bai da wannan hali, saboda haka kanwa ba ta da aiki a tukunyarsa ko ƙanƙane. Wannan shi ne kuskuren da na yi ranar da Yaya ta zo.

Kafin mu hura wuta, akwai maganar da ta fi girkin muhimmanci, ina roƙo ku karanta ta da kyau.

Wake yana da maƙiya a gona. Akwai tsutsar da ke huda fure da kwanso, akwai ƙananan ƙwarin da ke sa fure ya zube, akwai masu tsotse ƙwaya. Saboda haka manoma ke yin feshi, kuma lokacin feshin shi ne daidai lokacin fure da zuba 'ya'ya, watau daidai lokacin da nake cewa a tsinko. Mai jiran wake ya bushe yana da makonni tsakaninsa da feshin ƙarshe, ga shi zai sussuke ya zubar da ƙowa. Ke mai cin kwanso, ainihin inda maganin ya sauka shi za ki kai baki. Bara a unguwarmu wasu yara uku 'yan gida ɗaya suka bi ta gonar babansu suka tsinko wake suka gasa, ashe jiya-jiya aka yi feshi. Kafin magariba sai amai da gudawa, ƙaramin har yawu na dalala. Allah ya sa aka garzaya da su asibiti da wuri, suka tashi. Uwarsu har yau in ta tuna sai ta yi ƙwalla.

Don haka dokar farko, kada ki karɓi ɗanyen wake daga gona sai kin tambayi maigida, "Malam, yaushe rabon gonar nan da feshi, kuma wane magani aka sa?" Ba rashin kunya ba ne. A jikin kowace kwalbar magani ta gaskiya an rubuta yawan kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin. Wani mako guda ne, wani mako biyu, wani ya fi haka. In Turanci ne ya hana, ga 'yarki 'yar makaranta, ta karanta muku. In babu rubutun, ko an sayo maganin a kwalbar lemo a bakin kasuwa, a tambayi malamin gona na KNARDA, ko kuwa a haƙura da waken. Wanki yana rage na bisa, amma ba ya fid da wanda ya riga ya shiga ciki, dahuwa ma ba abin dogaro ba ce. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji Hausawa. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da baƙo ya ƙi saya, ina dalilin da za mu ɗura wa 'ya'yanmu?

In tsautsayi ya faru, kika ga yaro na amai, gumi, dalalar yawu, ko numfashi na sarƙewa bayan ya ci abin gona, kada ki tsaya ba shi manja ko madara kamar yadda aka saba, kada kuma ki sa masa yatsa a maƙogwaro. A tafi asibiti nan take, a riƙe kwalbar maganin a nuna wa likita.

Akwai sabon iri, SAMPEA 20-T, da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar a ƙarshen 2019, wanda aka sarrafa ƙwayar halittarsa don ya kare kansa daga tsutsar kwanso. Yana rage yawan feshi, amma bai kawar da shi ba, don sauran ƙwarin suna nan. Tambayar nan dai ba ta faɗi ba.

Ni hanyar da na ga ta fi kwanciyar hankali ita ce shuka nawa a gida. Yawancinmu ba ma zuwa gona, amma da wuya a rasa ɗan fili a bayan ɗaki ko gindin danga. Rami goma sha biyar na yi, ƙwaya biyu-biyu, na kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji. Ba na feshi. Kullum da safe ina zagawa, wanda na ga tsutsa ta huda in cire in jefa a wuta. Kuma ga wani sirri: wake mai yaɗo, in kina tsinke 'ya'yansa tun suna ƙanana, sai ya ƙara yin fure, don bai ga ya ajiye iri ba tukuna. Wannan ce amsar da na ba maigida ran da ya ce ina ɓarnar wake tun bai kai mudu ba.

Ku kuma 'yan makaranta, in kaka ta ƙare ku tuge gindi ɗaya a hankali ku duba saiwar. Za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Ku fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. A nan wasu ƙananan halittu ke zaune suna jawo taki daga iska suna ba shuka. Shi ya sa iyayenmu ke cusa wake a gindin gero tun kafin a buɗe makarantar boko a ƙasar nan.

To, uwargida, mu shiga madafa.

Gyaran bai da wuya. Ki wanke shi a ruwa mai tsabta sau biyu ko uku. Ki tsinke kai da gindi, in jijiya ta biyo ki ja ta har ƙasa. Ki kakkarya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Duk wanda kika ga huda ko baƙin tabo a jikinsa ki fasa ki duba, don tsutsa kan ɓuya a ciki.

Girkin da ya fi karɓuwa a gidanmu shi ne suya sama-sama. Ga kwano ɗaya na gyararren wake, ki tanadi albasa babba ɗaya, attaruhu biyu, tattasai ɗaya, tumatir biyu, man gyaɗa cokali uku, gishiri, da 'yar dakakkiyar citta da tafarnuwa. Ki ɗora kasko mai faɗi, wuta ta kama sosai, don wutar da ta yi sanyi ruwa take sa wake ya fitar ya dahu a cikinsa. Mai ya yi zafi ki zuba albasa, da ta risina ki zuba jajjagen, ki juya har ɗanyen ƙamshin ya fita. Sa'an nan ki zuba waken da gishiri, ki yayyafa ruwa kamar rabin ludayi, ki rufe minti uku, ki buɗe ki yi ta juyawa. Duka-duka minti bakwai ko takwas ya isa ga wakenmu, don ya fi na kanti jiki. Alamar ya yi ita ce korensa ya ƙara fitowa, ya yi laushi amma da ɗan saura a haƙori. In ya fara komawa ruwan ƙasa, kin makara. Mai hali ta fasa ƙwai biyu a kai, ko ta marmasa busasshen kifi. Da shinkafa ake ci, ko dafaffen dankali, ko a cusa a burodi a ba ɗan makaranta ya tafi da shi.

Amma fa ban ce a ci shi ɗanye ba. Wancan na kanti ana iya tauna shi haka nan, namu kuwa sai ya ga wuta, in ba haka ba yana ɓata ciki.

Na biyu kwaɗo ne, shi ne ya ci Inna da yaƙi. Ruwa kaɗan za ki sa, sai ya tafasa sa'an nan ki zuba waken, ba ki haɗa su tun ruwan na sanyi ba. Minti biyar zuwa shida ki kwashe a kwando ya tsane, ki baza shi a faranti ya huce da sauri. Ki kwaɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji da ɗan soyayyen mai, kamar dai yadda kike yi wa zogale ko rama. Ki matsa lemon tsami a kai. In kin haɗa shi rabi da rabi da zogale ya fi armashi. Ruwan da kika tsiyaye kada ki zubar, ki juye a miyar dare. Inna ta ci loma uku ba ta ce komai ba, can sai ta ce, "'Yar nan, ashe awaki sun daɗe suna cutarmu."

Fate da dambu da miyar taushe kuwa ba sai na koya wa kowa ba. Abin kiyayewa ɗaya ne: ki yanka shi ƙanana, ki zuba a ƙarshe, lokacin da kike zuba alayyafo ko yakuwa, ba tun farko tare da tsaki ba.

Wanda ya wuce matakin karyewa, ƙwayarsa ta cika amma tana kore, shi ma yana da nasa aiki. Ki sa yara su ɓare, ki dafa da shinkafa. Cikin minti ashirin zuwa talatin ya yi laushi, ba jiƙo, ba kanwa, itacen da za ki ƙona bai kai rabin na busasshe ba. Jaririn da ya wuce wata shida, ana iya murje masa wannan da ɗan mai a haɗa da kununsa. Ganyen wake masu taushi na kan toho su ma miya ne. A Kenya da Uganda har kasuwa ake kai su ɗauri-ɗauri. In sun yi yawa ki tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu, ki shanya a inuwa, ki adana don rani. Shanyar rana tsaka tana ƙone amfaninsu.

Wata za ta ce, to in kaka ta wuce fa? Da hunturu ya shigo sai kayan lambu su karɓi fili. Masu noman rani a wuraren Kadawa da Kura, da na kusa da mu a madatsar ruwan Watari ta Bagwai, suna fito da kaya iri-iri, kuma a wannan lokaci ne ake samun ɗanyen fis da koren wake da araha a kasuwar 'Yan Kaba. Duk dokokin nan ɗaya ne a kansu: sabo, wanki, wuta mai ƙarfi, gajeren lokaci, ba kanwa. Koren wake minti shida zuwa takwas, ɓararren fis minti huɗu ko biyar, shimfiɗaɗɗen nan na kanti minti biyu zuwa uku. Na kasuwa ba ki da wanda za ki tambaya maganar feshi sai mai sayarwa, saboda haka ki riƙe mutum ɗaya da kika amince da shi, kuma duk wanda kika ji yana warin magani ko kika ga farin gari-gari a jikinsa, ki ajiye masa kayansa.

Tunda sanyi yake so, na roƙi Yaya ta nemo mini irin wancan shimfiɗaɗɗen a wurin masu sayar da irin lambu a Kano. A Nuwamba zan shuka a inda na tuge waken damina, in kafa masa kara ya hau, in riƙa ba shi ruwan da na ɗauraye hatsi da shi. Kimanin wata biyu yake yi ya fara ba da 'ya'ya, ke nan a Janairu za a ga abin da hali ya yi. Inna ta riga ta ce rami biyar nata ne, kuma ita da kanta za ta riƙa korar kaji.